Riƙon Iri a Gadarif

Tun da na ajiye aiki, babu abin da ke sosa mini rai kamar jin samarin da suka gaje mu a ɗakin gwaji suna ambaton ATP synthase safe da yamma, suna bayanin yadda a ƙasar Danmak, a 2002, aka cusa wa bakteriyar E. coli wani sashe na wannan furotin mai ƙone ƙarfin da ta tara, har yunwa ta ƙara mata himmar cin sukari. Magana ce sahihiya mai fa'ida ga masana'antu, amma mai faɗinta, in ka miƙa masa kwalba, ba ya iya shaidawa da hancinsa cewa baƙuwar ƙwaya ta shiga.

Mu kuwa riƙon iri muka koya a hannun malaminmu, Allah ya jiƙansa. A zamanin ba mu da na'urar daskarewa, saboda haka duk ƙwayar da muka tsamo daga kullun kisra, gurasar Sudan, sai a ƙona waya mai zobe har ta yi jawur, ta huce, a ɗebo, a shafa a sabuwar kwalba kafin tsohuwar ta mutu, a rubuta a kundi rana da sunan mai ɗauka da gidan da kullun ya fito, tamkar isnadin hadisi. Kwalbar da silsilarta ta yanke kuwa, ba ya karɓarta ko da ta yi kyan gani.

Mafi ƙarfin irinmu daga wata tsohuwa ya fito, zuriyar alhazan ƙafa, wadda ta ƙi kuɗinmu, ta ce kyauta ta samu, kyauta za ta bayar. Kullunta na dawa feterita ne. Da littafin Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartum a kan tsimammun abincin Sudan ya fito a 1993, malaminmu ya yi murna matuƙa, domin ilmin irin waɗannan mata ya shiga tawada. Amma na wuce zance.

Da na'urar daskarewa ta zo, aka ce aikinmu ɓata lokaci ne, aka daina. Wuta ta ɗauke kwanaki a tsakiyar bazara, irin ya mutu gaba ɗaya, kundin kuma aka kasa gano inda aka jefa shi, alhali na roƙa a bar ko kwalba biyu a kan tsohuwar ƙa'ida.