Dalilin da ya sa burauza ke ɓoye kuskure

Duk mai rubuta manhajar intanet ya san wannan takaici: shafi ya tsaya cak, a je dubawa, sai burauza ta ce "Script error." kawai, babu sunan fayil, babu lambar layi. Da gangan aka tsara ta haka, kuma abin ya samo asali ne tun farkon zamanin intanet.

A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape na Amurka. Kafin nan, a 1994, Lou Montulli ya kawo kukis, waɗanda burauza ke aikawa da kanta don shafi ya gane mai shigowa. Haɗuwar biyun ta zo da hatsari. Idan shafin ɓarawo na iya gudanar da umarni a kwamfutarka, me zai hana shi leƙa shafin bankinka da sunanka? Sai Netscape ta kafa doka a Navigator 2: umarnin da ya fito daga wani tushe ba zai karanta abin da ke wani tushe ba. Tushe kuwa abu uku ne a haɗe: http ko https, sunan shafi da lambar tasha. Ɗaya ya bambanta, an zama baƙi.

Da Microsoft ta fito da XMLHttpRequest a 1999, shafuka suka fara ɗebo bayanai a bayan fage, dokar ta matse masu aiki. A 2005 Bob Ippolito ya gabatar da JSONP, dabarar zagaye katangar, amma mai amfani da ita ya miƙa wuyansa ne ga duk abin da ɗaya sabar ta turo. Hanyar ƙwarai, CORS, ta faro daga ma'aikatan Tellme Networks a 2004, amma ƙungiyar W3C ba ta tabbatar da ita ba sai Janairun 2014.

Shirun da burauza ke yi kan kuskuren fayil ɗin da ya fito daga wani tushe reshen wannan doka ne, domin saƙon kuskure kansa na iya tona asiri, kamar ko mutum ya shiga wani asusu. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana ba masu koyo shawarar kashe tsaron burauza. Gyaran yana wurin masu shafi: a sa crossorigin a alamar da ke kiran fayil ɗin, sabar da ke riƙe da shi kuma ta aiko da Access-Control-Allow-Origin. Da an yi haka, sunan fayil da lambar layi za su bayyana.