Linzamin Sauti: Tarihin Limita Daga Gidan Rediyo Zuwa Kwamfutar Mai Haɗa Kiɗa

A ɗakunan haɗa kiɗa na zamani, a Yamai ne ko Maraɗi ko Kano, akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin matasa masu wannan sana'a: wace limita ce ta fi? Wani ya rantse da L2, wani ya ce Pro-L ba ta da na biyu, wani kuma Ozone kaɗai ya sani. Galibi abin da ake nufi da "ta fi" shi ne wadda ta fi sa waƙa ƙara. Tarihin wannan na'ura kuwa yana nuna cewa ba don ƙara aka ƙirƙiro ta ba, kuma wanda ya san tarihin zai canja ma'aunin da yake kwatanta su da shi.

Limita ita ce ta ƙarshe a jerin kayan da waƙa ke bi kafin a sake ta ga jama'a. Aikinta kamar na linzami ne a bakin doki. Ana sa mata iyaka, duk sautin da ya yunƙura zai haye iyakar sai ta danne shi nan take. Da an danne kawunan da suka fi tsawo, sai a samu sararin ɗaga sauran waƙar baki ɗaya, ta haka take ƙara ƙarfi a kunne.

Asalinta a gidajen rediyon Amurka ne. A shekarun 1930, idan mai shela ya ɗaga murya ko makaɗi ya buga ganga da ƙarfi, na'urar watsa shiri takan wuce ƙa'idarta, sauti ya dagule, har ya shiga hurumin wata tashar. A da, injiniya ne ke zaune da hannu a kan maɓalli yana ragewa yana ƙarawa, amma hannun ɗan Adam ba ya riga bugun ganga sauri. Shi ya sa kamfanoni irin su Western Electric da RCA suka ƙera na'urorin da ke yin aikin da kansu. Limita ta farko mai gadi ce kawai.

Masu yanka faifan garmaho su ma sun buƙace ta, domin idan sauti ya yi ƙarfi fiye da kima, allura takan yi tsalle ta fita daga layinta. A ƙarshen shekarun 1950 Rein Narma, injiniya ɗan asalin Estoniya, ya ƙera Fairchild 660 da 670. Ita 670 tana da kwalaben lantarki 20 a cikinta, kuma nauyinta ya kusa kilo 30. Ɗakin Abbey Road na Landan ya yi amfani da Fairchild wajen naɗar waƙoƙin Beatles. Bayanta sai Teletronix LA-2A a shekarun 1960, wadda ke aiki da haske: sauti ya kunna ɗan allo mai haske, wani idon lantarki ya ga hasken ya rage ƙarfi, shi ya sa dannewarta take da laushi. A 1967 Bill Putnam ya fito da 1176 mai tiransista, wadda ke iya cafke sauti cikin kashi 20 na miliyan na daƙiƙa. Har yau ana kwaikwayon waɗannan uku a manhajojin kwamfuta, saboda kowace tana da nata launin da take bar wa murya.

To, yaya aka yi mai gadi ta zama makami? Sirrin yana cikin kunnenmu. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin kowane irin sauti daidai wa daida: idan an ƙara ƙarfi, amon ƙasa mai kauri da na sama mai kaifi sukan fi fitowa. Saboda haka idan aka kunna wa mutum waƙa ɗaya sau biyu, ɗaya ta ɗan fi ƙarfi, kusan kullum zai ce mai ƙarfin ta fi daɗi. Ƴan kasuwa sun gane wannan tun zamanin akwatunan kiɗa da ake jefa wa kuɗi a gidajen abinci, inda kowane kamfani ke son faifansa ya danne na maƙwabci. Kamfanin Motown na Ditiroyit ya yi suna wajen yanka faifai masu ƙarfi. Tashoshin FM su ma suka shiga tsere, musamman bayan Bob Orban ya fito da Optimod a 1975.

Duk da haka, garmaho yana da iyakar da allura ta gindaya. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, shi ya kawar da wannan shinge. Ya zo da fili mai faɗin desibel 96 tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi, amma yana da rufi guda, wato sifiri, wanda ba a ƙetare shi. A shekarun farko injiniyoyi sun riƙa barin tazara mai yawa ƙasa da rufin. Sai a 1994 kamfanin Waves na Isra'ila ya fitar da L1 Ultramaximizer, manhajar da ake maƙalawa a kwamfuta. Dabararta ita ce jinkirta sauti na ɗan ƙiftawar ido domin ta hango bugun da ke tafe, ta fara dannewa tun kafin ya iso. Na'urorin da sai bugu ya shigo suke farga, ita kuwa tana tare shi a bakin ƙofa. Daga nan kowa ya samu ikon matse waƙa har ta manne da rufi daga farko zuwa ƙarshe.

Abin da ya biyo baya shi Turawa suka laƙaba wa suna yaƙin ƙara. Kundin Oasis na 1995 da kundin Californication na Red Hot Chili Peppers na 1999 suna cikin waɗanda aka fi ambata a matsayin misali. Lamarin ya kai maƙura a 2008 da kundin Death Magnetic na Metallica. An sa waƙoƙin kundin a wasan bidiyo na Guitar Hero ba tare da wannan matsewar ba, masoya suka kwatanta biyun, suka ji na wasan ya fi na CD tsabta. Dubbansu suka sa hannu a takardar koke suna neman a sake gyara shi. A lokacin ne talakan mai sauraro ya fahimci abin da ake asara: bugun ganga ya rasa kaifi, wurin da ya kamata waƙa ta lafa da wurin da ya kamata ta tashi sun zama ɗaya, kunne kuma yana gajiya da wuri.

Maganin ya zo ne daga ma'auni. A 2006 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar BS.1770 ta auna ƙarfin sauti yadda kunne ke jin sa, ba tsayin kawunansa kaɗai ba. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta kafa R128, ta tsayar da shirye-shirye a kan LUFS -23, a shekarar ce kuma Amurka ta yi dokar hana tallace-tallace fin shirin talabijin ƙara. Daga baya dandalan sauraron waƙa a intanet suka bi sahu. Spotify, alal misali, yana daidaita waƙoƙi a kan LUFS -14. Ma'anar wannan ita ce, waƙar da aka matse domin ta fi kowa ƙara, dandalin zai sassauta ta ta dawo daidai da sauran. Ƙarar ta tafi, ɓarnar da aka yi wa ganga kuwa tana nan.

Da wannan haske ya kamata a dubi manhajojin yau. L2 ta Waves mai sauƙin sarrafawa ce, tana da launi sananne, amma idan aka tsananta mata takan cinye kaifin bugu. Pro-L ta kamfanin FabFilter na Amsterdam, wadda ta fito a 2010 aka sabunta ta a 2017, tana da salon dannewa takwas da ma'aunin LUFS a jikinta. Ozone ta iZotope, wadda aka fara fitarwa a 2001, cikakken akwatin gyaran ƙarshe ce, limita ɗaya ce daga cikin kayanta. Oxford Limiter ta Sonnox kuma tana da maɓallin da ke ƙara wa sauti cika a kunne. Kowace cikinsu tana iya kai waƙa rufi. Bambancinsu yana cikin abin da suke bari a raye bayan sun danne.

Namu yanayin yana da nasa hukunci. A Sahel, waƙa ta daɗe tana yawo daga waya zuwa waya. Mdou Moctar na Nijar ya naɗi kundinsa Anar a Sakkwato a 2008, kuma ta katin waya ya bazu kafin kamfanin Sahel Sounds ya sa waƙarsa a tarin da ya fitar a 2011. Fayil ɗin da aka tura ta Bluetooth ko WhatsApp ba mai daidaita masa ƙarfi, don haka matashin da ke son waƙarsa ta yi amo a lasifikar shago ko ta gidan biki yana da hujja. Sai dai waƙar da aka manna da rufi takan fashe idan aka mayar da ita MP3, ƙaramar lasifikar waya kuma ta ƙara tona asirinta. Kalangu da kotso kuwa rayuwarsu tana cikin wannan ɗan bugun farko da hawa da saukar muryarsu, wato daidai abin da limita ke fara ci.

Saboda haka, ya kai mai haɗa kiɗa, idan za ka kwatanta limita biyu, fara daidaita ƙarfinsu a ma'auni har su zo ɗaya, domin kada kunne ya yaudare ka. Ka bar tazarar desibel 1 ƙasa da rufi. Sannan ka saurari gangar, ka saurari numfashin mawaƙi, ka kunna a waya, ka kunna a babbar lasifika. Wadda ta bar maka kalangu yana magana ita ce ta fi, ko da kyauta ka same ta. Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mu haɗu a rubutu na gaba.