Daga tandu zuwa leda: tarihin abin da muke zuba abinci a ciki

Ranar Babbar Sallar da ta wuce, muna fiɗar ragon layya a gidanmu na Takanamat, sai mahaucin ya tsaga tumbi ya tsaya cak. Ya cusa hannu ya jawo wani dunƙule baƙi ƙirin, ya kai girman ƙwaryar sha, leda ce zalla ta cukuikuye da guntayen igiya. Ya dubi mahaifina ya ce, "Baba Alhaji, ga abin da ya hana shi ƙiba." Wata uku muna ba ragon nan dusa da harawa. Tun ranar nake tunanin yadda aka yi muka iso nan.

Mutanen Adar ba su jira Bature ya koya musu adana abinci ba. Man shanu yana da tandu, ruwan tafiya yana da salka, na gida yana randa, nono da fura suna ƙwarya an kife faifai a kai. Hatsi kuwa sai rumbu, kuma duk wanda ya ratsa ƙauyukan jihar Tawa ya ga irin rumbunan laka da ake ginawa a nan, wani ya fi ɗakin kwana girma, an ɗora shi kan duwatsu don kada danshi da gara su kai gare shi. Kakata takan cuɗa wake da toka ko rairayi, ta cika tukunya ta liƙe bakin da laka. Kilishi da cuku duk dabara ɗaya ce: a shimfiɗa abu siriri, rana ta tsotse ruwan, ruɓa ta rasa inda za ta kama. Fatake ma haka suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja cikin huhu, an naɗe shi da ganye, ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace, tafiyar watanni.

Sa ido ma akwai shi. Sarkin Fawa ne ke da alhakin abin da aka yanka, idan mushe ya shiga kasuwa shi za a tuhuma. Sarkin Kasuwa yana lura da mudu, littattafan fiƙihu kuma sun daɗe da tsara aikin muhtasibi mai hana algus. Amma abin da ya fi duka ƙarfi sanayya ce. Mai furar ta san uwarka, kai ma ka san rugarsu. In ta tsuga wa nono ruwa, kafin la'asar gari ya ji.

Abin ya sauya ne daga lokacin da mai ci ya daina ganin fuskar mai dafawa, kuma Turai ta riga mu shan wannan ɗacin. A 1810 wani Bafaranshe, Nikola Afer, ya bayyana dabarar dafa abinci cikin kwalba rufaffiya, gwamnatin Napoleyon ta ba shi faran 12,000. A shekarar ce kuma aka yi wa dabarar gwangwani rajista a Ingila. Abinci ya fara tafiya nesa, algus ya bi shi. A 1858 a garin Biradifod, wani mai alewa da ya saba haɗa sukari da farar hoda don riba ya zuba guba bisa kuskure. Sama da mutum 200 suka kwanta, kimanin 20 suka mutu, kuma bayan shekara biyu Ingila ta yi dokar hana algus a abinci. Amurka ta yi tata a 1906, bayan an fallasa ƙazantar mayankan Shikago. A 1963 hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa kwamitin Codex, mai tsara ƙa'idojin da ƙasashe ke kwafa har yau.

Mu nan, 1993 ce shekarar da ya kamata a riƙe. A watan Maris ɗinta Nijar ta fitar da kundin dokokin tsaftar jama'a, a shekarar kuma Najeriya ta kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC. Wannan ta biyun ta shafe mu kai tsaye, don kayan kantunan Tawa da yawa ta Ilela da Ƙonni suke shigowa. Da Dora Akunyili ta riƙe hukumar daga 2001 zuwa 2008, ta yi yaƙi da jabun magunguna da sinadarin kumbura burodi, har talaka ya koyi juya kwali ya nemi lamba da ranar lalacewa. Na yi imani wannan ɗabi'ar ta fi kowace takardar doka amfani, domin ta sa ido a hannun mai saye.

Sai leda. Wani injiniya ɗan Suwidin ne ya ƙirƙiro jakar leda mai hannu, aka yi mata rajista a 1965. Da ta iso mana ba ta bar komai ba. Ina yaro, tsire a takardar buhun siminti ake naɗe shi, ƙosai kuma da kwanonka za ka je. Yau koko mai turiri, man gyaɗa, tuwo da miya, har ruwan sha, duk a leda. Ban zargi mai ƙosai ba, araha ta gani, kuma leda tana kare abinci daga ƙuda da ƙurar hunturu, wannan gaskiya ne. Amma ba don zafi aka yi ta ba, kuma in an yar ba ta ruɓewa: ta toshe magudana, ta rataye a kan ƙaya, ta ƙare a tumbin rago. Ranar 5 ga Nuwamban 2014 Nijar ta kafa dokar hana ƙerawa da shigowa da sayar da siririyar leda. Ruwanda ta yi irinta a 2008 kuma ta tsaya a kai. Tamu kuwa, ku shiga kasuwar Tawa ku duba. Abin yana ci mini rai, don an hana abu ba a ba mai koko madadinsa ba.

Duk da haka ba zan yi wa roba kuɗin goro ba, saboda labarin wake. Manomi ya san yadda ƙwari ke mayar da buhun wake gari cikin 'yan watanni. Da tukunya da toka suka kasa ɗaukar yawan amfanin kasuwa, sai aka koma zuba maganin ƙwari a buhu, har da wanda aka yi don feshin gona. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan magani a jikinsa. Su sun auna sun ƙi, mu mun dafa mun ci. Mafitar kuwa daga mazubi ta fito. Masu bincike na jami'ar Fadu ta Amurka, tare da takwarorinsu na Afirka ciki har da na cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi, suka inganta buhu mai ninki uku da ake kira PICS, aka fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure bakin kowanne daban. Iska ta ƙare, ƙwari su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba.

Bara na kai wa kakata guda biyu, na tsuguna ina yi mata bayanin iska da numfashin ƙwaro. Ta murza ledar da yatsu, ta hura ta don ta ga ko akwai huda, sannan ta ce, "Yo ɗan nan, ai tukunyata ce da nake liƙe wa baki." Muka cika su tare muka ɗaure. Da aka kwance na farko gab da damina, waken yana nan garau, da shi aka yi ƙosan sadakar Juma'a.