Karkacewar kai ga zomo: abin da ke kawo ta da yadda ake jinyarta a gida

A gidaje da dama na birnin Yamai ana kiwon zomo a bayan ɗaki, wasu don nama, wasu kuwa don yara sun shaƙu da shi har sun raɗa masa suna. Daga cikin larurorin da suka fi tayar wa masu shi hankali akwai karkacewar kai. Zomon da ya kwana lafiya sai a wayi gari kansa ya kwanta gefe guda, ido ɗaya na kallon sama, ɗaya na kallon ƙasa. Wani yana ta zagaye wuri guda, wani in ya yunƙura sai ya faɗi ya yi ta birgima. In aka duba da kyau, sau da yawa ana ganin ƙwayar idon tana rawa. Likitocin bisashe suna kiran wannan da Faransanci « torticolis » ko « syndrome vestibulaire ».

Ganin abin yana da ban tsoro, shi ya sa wasu ke saurin ɗauko wuƙa, wasu su ce iska ce ta buge shi. Amma karkacewar kai alama ce, ba ita ce cutar ba, kuma zomaye da yawa suna tashi daga gare ta. Abin da ya fi kashe su a kwanakin farko shi ne yunwa, da zafi, da maganin da bai dace ba. Dukansu uku a hannun mai zomon suke.

Ba wuyan ne ya murɗe ba

A can cikin kunnen zomo, kamar na ɗan Adam, akwai wasu ƴan ƙananan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa. In ɓangare ɗaya ya lalace, ko jijiyar da ke kai saƙon, ko wurin da ke karɓarsa a ƙwaƙwalwa, sai dabbar ta ji kamar duniya ce ta karkace, ta kwantar da kai don ta daidaita ta. Ke nan juwa ce mai tsanani. Wuyan kansa lafiya lau yake, don haka matsa shi, ko ja, ko ɗaura masa kara don ya miƙe, azaba ce kawai.

Masu kiwon kaji sukan kwatanta abin da cutar Newcastle, wadda ke murɗe wuyan kaza. Kamar ce kawai ta zo ɗaya. Waccan cutar tsuntsaye ce, allurar rigakafinta ba ta da amfani ga zomo.

Manyan dalilai biyu

Na farko shi ne ciwon cikin kunne. Ƙwayoyin cuta, musamman wadda ake kira Pasteurella multocida, suna zaune a hancin zomaye da yawa ba tare da sun yi ɓarna ba. In jiki ya yi rauni sai su haddasa mura, daga nan su bi wata ƴar hanya da ta haɗa maƙogwaro da kunne su yi ruwa a ciki. Zomon da ya yi ta atishawa kafin kansa ya karkace, ko aka ga gashin cikin ƙafafunsa na gaba ya dunƙule saboda share majina, wannan ne abin da za a fara zargi. Galibi kan yana kwantawa ne wajen kunnen da ke ciwo. Mugunyar zomo tana da kauri kamar cuku, ba ta tsiyayewa da kanta, kuma magani ba ya ratsa ta da sauƙi. Shi ya sa jinyar kan ɗauki sati 4 zuwa 6, wani lokaci fiye. Zomaye masu faɗaɗɗun kunnuwa, irin da ake kira « bélier », sun fi saurin kamuwa.

Ƙazuwar kunne ma tana iya buɗe ƙofa. Wani ɗan ƙwaro ne, Psoroptes cuniculi, ke tara ɓawo mai kauri cikin kunne, zomo ya yi ta susa yana girgiza kai. Kada a ɓamɓare ɓawon, domin fatar da ke ƙasa ɗanya ce. In aka kashe ƙwaron da ivermectine, ɓawon zai zube da kansa.

Dalili na biyu wata ƙwaya ce da ido ba ya gani, Encephalitozoon cuniculi. Masu bincike biyu a Amurka, Wright da Craighead, suka fara ganinta a jikin zomaye masu shanyewar ƙafa a 1922, sannan Levaditi da abokan aikinsa a birnin Paris suka ba ta wannan suna a 1923. Yau masana suna lissafa ta cikin dangin naman gwari da funfuna. Tana fita ta fitsari, ta gurɓata ciyawa da ruwan sha, wani zomo ya ci ya ɗauka. Uwa ma tana ba ƴaƴanta tun suna ciki. Tana iya kai kimanin wata guda da rai a cikin keji. Wurare uku take kama: ƙwaƙwalwa, ƙoda, da ido, inda takan bar farin tabo.

Yawancin zomayen da ke ɗauke da ita ba su nuna komai har ƙarshen rayuwarsu. Sai an sami wata wahala, kamar tafiya, haihuwa, canjin gida ko tsananin zafi, sannan ta taso. Ba cutar Turai kaɗai ba ce: wani bincike da aka wallafa a 2008 kan zomaye 237 a maƙwabciya Najeriya ya sami alamarta a jinin kusan ɗaya cikin shida. Sai dai awon jini yana nuna cewa zomo ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, ba ya tabbatar da ita ce ta karkatar da kan. Saboda haka likitoci da dama suna haɗa maganin dalilan biyu a lokaci guda.

Akwai sauran dalilai da ba su kai waɗannan yawa ba: faɗuwa daga hannun yaro, bugu a kai, guba, ƙari a ƙwaƙwalwa, ko bugun zafi.

Wajen likita, da magungunan da ke kisa

A nemi likitan bisashe a ranar da aka ga alamar. Yamai tana da likitoci masu zaman kansu da farmasin bisashe, ga ma'aikatan kiwo na gwamnati, ga kuma LABOCEL, babban ɗakin awo na fannin kiwo. Likitocin ƙasar da yawa sun yi karatu a makarantar EISMV ta Dakar, kuma aikinsu na yau da kullum shanu ne, da tumaki, da raƙuma, da kaji. Ba laifi ba ne mai zomo ya tambaya kai tsaye ko likita ya saba duba zomo. A tafi da shi cikin kwali da aka cusa wa tsummoki, da safe ko da marece, ba da tsakar rana a bayan babur ba. A tabbata an auna nauyinsa, domin a kan kilo ake lissafa kowane magani.

Maganin da aka fi sani na E. cuniculi shi ne fenbendazole, miligram 20 a kowane kilo, kullum, har kwana 28. Zomo mai kilo 2 yana buƙatar miligram 40 ke nan, wato ƙasa da rabin mililita na ruwan maganin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. A nan ne haɗarin yake. Abin da ya cika kasuwa shi ne manyan ƙwayoyin albendazole na shanu da tumaki, wasu masu miligram 2500. Gutsura wa zomo irin wannan da ƙiyasin ido ganganci ne, kuma wannan dangin magani in ya yi yawa yana lalata ɓargon da ke ƙera jini.

Abin da ya fi wannan muni shi ne kafson mutane. Hanjin zomo cike yake da ƙwayoyi masu amfani da ke narkar masa da ciyawa. Amoxicilline, ampicilline, lincomycine, clindamycine ko érythromycine, in aka ba shi ta baki, suna kashe waɗannan ƙwayoyi, masu guba su yi yawa, gudawa ta ɓarke, zomo ya mutu cikin ƴan kwanaki. Amoxicilline kuwa tana cikin na gaba a farantin masu tallar magani a bakin titi, kuma da wuya gida ya rasa ragowarta. Likita yana da waɗanda suka dace, kamar enrofloxacine ko triméthoprime-sulfa. Fipronil, maganin ƙuman karnuka da ake sayarwa da sunan Frontline, shi ma guba ne ga zomo. Dexaméthasone da danginsa suna karya garkuwar jikinsa, likitoci ma sun rabu a kan amfani da su. Don rage zafin ciwo méloxicam aka fi ba shi. Kada kuma a tsiyaya manja, man gyaɗa ko ruwan magani cikin kunne kafin likita ya duba, domin in dodon kunne ya fashe abin zai zarce ciki.

Jinya a gida

Wurin kwana shi ne farko. A fitar da shi daga keji mai ƙasan waya, inda ƙafa kan maƙale in yana birgima. A sa shi cikin kwali ko kwando maras faɗi, a naɗe tsofaffin zannuwa a jera ta kowane gefe yadda zai sami abin jingina. A bar masa haske kaɗan, domin da ido yake rama abin da kunne ya rasa, duhu ƙirin yana ƙara masa juwa. A rage ɗaukarsa. Da zarar ƙafafunsa sun bar ƙasa sai birgimar ta tashi, kuma zomo mai fizge-fizge yana iya karya ƙashin bayansa. In ɗauka ta zama dole, a tallafi ƙirji da gindi a manna shi da jiki. Riƙon kunne da aka saba gani a kasuwa ba ya dacewa da lafiyayyen zomo ma, balle mai ciwon kunne. Yara su zo su gan shi, su yi masa magana a hankali, amma wasa sai ya warke.

Sai abinci, wanda shi ne ƙashin bayan jinyar. Cikin zomo ba ya son tsayawa. In ya yi awa 12 bai ci ba, ko kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke, hanji ya fara tsayawa ke nan, kuma wannan ya fi karkacewar kan gaggawa. Sau da yawa yana son ci, kai wa ga kwanon ne ya gagara. A miƙa masa a baki: harawar wake ko ta gyaɗa, burgu, ganyen karoti, ganyen zogale, ɗan salati daga lambunan bakin kogi, a wanke su sarai. Dussa kaɗai ba ta isa, ciyawa ce ke motsa hanji. In ya ƙi ci sam, a daka busasshiyar harawa ko abincin zomo na buhu, a tankaɗe, a dama da ruwa kamar kunu mai kauri, a ɗura da sirinji marar allura ta gefen baki, a giɓin da ke bayan haƙoran gaba. Kimanin mililita 10 a kowane kilo, sau 4 ko 5 a yini, kaɗan-kaɗan, yana tsaye kan ƙafafunsa. Kada a kwantar da shi rigingine, zai shaƙe. Ruwa a ba shi a kwano mai nauyi maras zurfi, ko ta sirinjin.

Akwai wani abu da masu kiwo da yawa ba su lura da shi ba. Zomo yana yin kashi iri biyu: busasshe mai kamar ƙwallo, da wani mai laushi a dunƙule wanda yake cinyewa kai tsaye daga duburarsa, yawanci da dare, yana samun bitamin daga ciki. Wanda kansa ya karkace ba ya iya lanƙwasawa. In aka ga wannan kashi mai laushi, a ajiye masa kusa da baki. In ya manne a gashi, a wanke wurin da ruwan ɗumi a shanya, haka ma fitsari, musamman da damina lokacin da ƙuda ke saka ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, tsutsa ta fito cikin yini guda.

Idon da ke kallon ƙasa yana gogar shimfiɗa. A duba shi safe da marece, a wanke da ruwan « sérum physiologique » na farmasi, a canza shimfiɗar kullum.

Zafin Yamai

Zomon gida ba ɗan Sahel ba ne. Asalinsa Sifaniya da Fotugal, inda yake ɓuya cikin rami da rana. Zomon dajin da mafarauta ke kamawa a nan wani jinsi ne dabam, ko da yake Hausa ta haɗa su a suna ɗaya. Na gida ba ya yin zufa, ta kunne yake fitar da zafi, kuma yana fara wahala tun daga digiri 30. A Yamai kuwa zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 kusan kullum. Marar lafiya ba ya iya tashi ya nemi inuwa. A nisanta shi da rufin tol, a ajiye kwalinsa kusa da randa, a rataya jiƙaƙƙen buhu inda iska ke shigowa, a naɗe butelin ruwa mai ƙanƙara cikin zane a sa gefensa, a riƙa shafa masa ruwa a bayan kunnuwa. Kada a tsoma shi cikin ruwa. Zomon da ke numfashi da baki a buɗe yana dab da mutuwa.

Sauran zomaye da mutanen gida

A ware marar lafiya. A wanke keji da kwanoni, a bi da ruwan Jabel, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, a ɗauraye a shanya a rana, a maimaita kafin ƙarshen kwanaki 28 na magani. Likita na iya cewa a ba abokan zamansa maganin su ma. E. cuniculi ba ta cika kama mutum mai lafiya ba, amma wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ɗauke da sida ko mai jinyar sankara, ya bar wa wani aikin sharar kejin. Kowa ya wanke hannu da sabulu. Wanda ke kiwo don nama ya tambayi likita kwana nawa za a jira bayan magani kafin yanka.

Me za a sa rai?

Kwanakin farko su ne mafi muni, wani ma yakan ƙara taɓarɓarewa bayan an fara magani. Alamun sauƙi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya: ido ya daina rawa, birgima ta ragu, ya fara ci da kansa, ya fara lasar jikinsa. Daga nan a faɗaɗa masa wuri a kan tabarma ko ƙasa marar santsi, domin da tafiya ƙwaƙwalwa ke koyon sabon daidaito. Miƙewar kai ita ce ta ƙarshe, tana iya ɗaukar watanni. Wasu kan nasu ba ya komawa daidai har abada, amma suna ci, suna gudu, suna yin shekaru a haka. Kada a katse magani don an ga sauƙi, ciwon kunne yana dawowa.

Akwai kuma wanda ba ya tashi. In bayan sati biyu na cikakkiyar jinya birgima ba ta tsaya ba, ko ƙafafun baya sun shanye, ko yana farfaɗiya, ko yana ta ramewa duk da ɗura, lokaci ya yi da mai shi zai zauna da likita su duba ko ci gaba da jinyar yana da amfani ga dabbar. In zomon na yaro ne, a faɗa masa gaskiya kafin a yanke shawara.