Motar da ke shan ruwan rake: tarihi daga Barazil zuwa Kotobabi

Wasunku sun aiko suna tambaya: wai gaskiya ne ana juya motar fetur ta koma shan itanol, wato sinadarin da ake tatsa daga rake ko rogo ko masara? Gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba.

A 1973 farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Barazil, mai yawan rake, tana sayo mafi yawan manta daga waje, sai gwamnatin Janar Ernesto Geisel ta ƙaddamar da shirin itanol a 1975. A 1979 kamfanin Fiat ya fito da mota mai shan itanol zalla, kuma a tsakiyar shekarun 1980 mafi yawan sababbin motocin ƙasar irinta ne. To, sai fetur ya yi araha, sukari ya yi tsada, masu rake suka koma yin sukari. A 1989 itanol ya yi wuya a gidajen mai, masu motoci suka shiga layi, kasuwar motocin ta faɗi. Ba ta farfaɗo ba sai 2003, da aka ƙero mai shan fetur da itanol duka biyu.

Mu nan Gana mun ɗanɗana irin wannan, sai dai da iskar gas ta girki. Wajen 1990 gwamnati ta tashi tallata gas don a rage sare itace ana yin gawayi, ta sa masa tallafi. Direbobin tasi, su da lissafi ba ya wuce su, suka ga ya fi fetur sauƙi, sai suka rinƙa kai motocinsu gareji ana ɗaura musu tukunya a but. Ka tambayi tsofaffin direbobi a Kotobabi, Nima ko Maamobi: duk lokacin da gas ya yanke, tasi na layi, uwar gida ma na layi da tukunyarta. A 2013 aka janye tallafin, ribar ta ragu.

Juyin kansa ba wuya gare shi ba. Yawancin motocin fetur suna ɗaukar gaurayen kashi 10 cikin ɗari ba a taɓa komai ba. In zalla ne, sai makanike ya sa injin ya riƙa jan mai da yawa, domin ƙarfin litar itanol kusan kashi biyu cikin uku ne na litar fetur. Yana cin tsofaffin robobi, yana jan ruwa cikin tanki, da asubar hunturu kuma mota kan yi gardamar tashi. Manyan motocin da ke kawo shanu Tulaku ta Ashaiman, ko albasar Galmi, dizal suke sha. Wannan gyara bai shafe su ba.

Ni a ganina tambayar ita ce: ina za ka saya? Najeriya ta fitar da manufar gauraya kashi 10 tun 2007, har yau bai zama ruwan dare ba. A Gana akwai masana'antar da ke tatso shi daga rogo a Hodzo, kusa da Ho, amma ƙasar na shigo da mafi yawan wanda take amfani da shi, kuma ba tankin mota yake zuwa ba. Daga Accra zuwa Paga, balle Dori ko Yamai, ba famfon da za ka dogara da shi.

Kai kuma mai dabba, ka sa ido kan hatsi. A Amurka fiye da kashi ɗaya cikin uku na masara itanol ake yi da ita, ko da yake tukar na komawa abincin shanu. Ranar da aka fara haka da masara ko rogonmu, a farashin buhun dusa za ka fara ji, tun kafin gidan mai ya sauya allo.