Rigar Da Aka Taka Wata Da Ita

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 1969 zai tuna da labarin kumbo Apollo 11, wanda har Alhaji Mamman Shata ya yi wa waƙa. An sha zancen kumbon, amma ba kasafai ake zancen rigar da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sa a daren 20 ga Yuli ba. Alhali kuwa ba domin ita ba, da ko minti ɗaya ba su yi a doron wata ba, don can babu iska, ga zafin rana da ya fi na tafasasshen ruwa.

Abin mamaki shi ne, ba maƙeran jiragen sama ne suka yi ta ba. Kamfanin International Latex ne na garin Dover a Amurka, wanda aka sani da ɗinka rigar nono ta Playtex. Matsalar da ta addabi injiniyoyi ita ce, da zarar an hura wa riga iska sai ta sandare kamar tayar mota, mutum ya kasa lanƙwasa hannu. Su kuwa da yake sun saba da roba, sai suka yi mata gaɓoɓi masu kama da zugazugi, suka ci gasar da hukumar NASA ta shirya a 1965.

Rigar ninki 21 ce, kuma mata teloli ne suka ɗinka ta a kan keken ɗinki, kowane ɗan sama jannati da awonsa. Allura ɗaya in aka mance ta a ciki tana iya huda robar ta halaka mutum, shi ya sa har na'urar hoton ƙashi ake sa wa rigar don a bincika. A ganina, hannun matan nan bai gaza lissafin injiniyoyi daraja ba.

Farin ƙyallen waje kuwa da dalilinsa. Ranar 27 ga Janairu, 1967, gobara ta tashi a cikin kumbo Apollo 1 ana gwaji a ƙasa, ta ci mutum uku. Daga nan ne aka koma ga yadin zaren gilashi wanda ba ya kama wuta. Daga ciki kuma akwai 'yar shara mai siraran bututu da ruwa ke zagayawa yana sanyaya jiki.

Rigar da jakar iska ta baya sun kai kilo 80 a nan duniya. A wata, nauyin bai wuce kashi ɗaya cikin shida na wannan ba.