Kambu (kayan fata)

Kambu (jam'i: kambuna) wani abin ɗaurawa ne na fata da ake sa wa a damtse ko a wuyan hannu. Dukawa ne suke ɗinka shi, kuma a asali ba don kwalliya kaɗai ake yin sa ba, domin galibi akwai laya ko wani haɗin magani a ɗinke a cikinsa. An fi sanin mafarauta da 'yan dambe da 'yan tauri da mayaƙan da da ɗaura shi. Birnin Zariya, hedikwatar masarautar Zazzau a jihar Kaduna, yana daga cikin garuruwan Hausa da aka daɗe ana jima da dukanci. A yau ana kuma ɗinka irinsa wanda babu komai a ciki, don ado kawai.

Ma'anar kalma

Kambu ya bambanta da sauran abubuwan da ake sa wa a hannu. Munduwa da awarwaro na ƙarfe ne, kamar azurfa ko tagulla, kuma mata suka fi amfani da su. Baura ma ƙarfe ce, amma mai kaifi, wadda ake faɗa da ita a wasan shanci. Guru kuwa na fata ne kamar kambu, sai dai a ƙugu ake ɗaura shi.

A Hausar yau ma'anar kalmar ta faɗaɗa. Idan ɗan wasa ko wata ƙungiya ta zama zakara, sai a ce ta lashe kambu, ko ta kare kambunta, ko da kofi aka ba ta. Wannan ma'ana ta zama ruwan dare a labaran wasanni na rediyo da jaridu, har matasa da yawa sun fi sanin ta a kan ma'anar asali.

Tarihi

Fata tana cikin manyan kayan da fatake suka riƙa ɗauka daga ƙasar Hausa su ƙetare Sahara da su. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta yi suna saboda laushinta da ƙarkonta. Da yake ta tashoshin Arewacin Afirka take isa Turai, sai Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ambaci takalma da jemammun fatu a cikin kayan da ake fitarwa daga birnin.

Zariya tana kan hanyar fatake da ta haɗa Kano da ƙasar Nufe da kudanci. Ban da kasuwa, masarautar kanta babbar mai sayen kayan fata ce, musamman a ƙarni na 19 lokacin da ake yawan fita yaƙi. Mahaya suna buƙatar ragama da linzami da kayan sirdi da kube da takalma, kuma da wuya mayaƙi ya fita ba tare da layu da kambuna a jikinsa ba. Shi ya sa baduku mai ɗinka kayan doki shi ne dai mai ɗinka kambu, da fata iri ɗaya da ɗinki iri ɗaya. Sana'ar gado ce a mafi yawan gidaje, yaro yakan koya a zauren mahaifinsa ko na kawunsa.

Bayan da Turawan Ingila suka ci Zariya a 1902, yaƙe-yaƙe suka ƙare, sai kambu ya koma hannun mafarauta da 'yan dambe da masu hawan salla. Zuwan jirgin ƙasa wajen 1911 ya juya cinikin fata daga hamada zuwa bakin teku, inda kamfanonin Turawa suka fi son ɗanyar fata a kan wadda aka jeme. Ta wannan hanya ce kuma galura, wato rinin kanti, ta yawaita a kasuwa ta fara maye gurbin rinin gargajiya.

Yadda ake yin sa

Kafin kambu ya kai ga mai shi, yakan bi ta hannun masu sana'a uku: majemi da malami ko mai magani da kuma baduku.

Majemi yakan jiƙa fatar akuya ko ta tunkiya a ruwan toka har gashin ya saki, sannan ya kankare ta. Daga nan sai a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, wadda ita ce take hana fata ruɓewa. Idan ta jemu sai a shafe ta da mai, a shanya, a murza ta yi laushi. Ja ana samun sa daga karan dafi, wato wata irin dawa da ake nomawa don rini. Baƙi kuma daga kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera, rawaya daga gangamau.

Malami yakan rubuta ayoyi ko hatimi a takarda, a ninke ta ƙanana, a naɗe da zare. Wani lokaci saiwa ce ko garin magani ake ƙullewa a ƙyalle. Abin da aka kawo wa baduku shi yake nuna masa siffar da kambun zai ɗauka. Idan gari ne ko ƙulli mai tsawo, sai ya naɗe shi da fata ya fito a mulmule kamar igiya mai kauri. Idan layu ne masu kusurwa huɗu, sai ya rufe kowace da fata, ya jera su a kan faffaɗan ɗauri. Yakan huda fatar da basilla, ya ɗinke da siririyar fata ko zare mai ƙarfi. A bakin kambun akan bar igiya mai zarge, ko a yi ƙulli na fata da ɗan madaukin da zai shiga, yadda zai kama damtse ba tare da ya zame ba.

Ado

Kambun da aka yi don farauta ko dambe ba a cika ƙawata shi ba, sau da yawa ja ne ko baƙi zalla. Wanda aka yi don hawa ko kwalliya shi ake ɓata lokaci a kansa. Dukawa sukan yanka fata mai wani launi su ɗinka a kan wata, ko su saƙa siraran fatu masu launi biyu ko uku. Akwai kuma dabarar zana layi da wuƙa a kan rinanniyar fata, a ɓare samanta, farin da ke ƙasa ya bayyana. Zanen ya fi karkata ga layuka da kusurwoyi, sai kuma dagi, wanda ake gani a aikin manyan riguna da kuma bangon tsofaffin gidajen birnin Zariya.

Gane tsohon kambu

Dukawa ba sa buga suna ko shekara a kan aikinsu, saboda haka daga jikin kambu ake kimanta tsufansa. Jan karan dafi yakan dushe ya koma duhu bayan shekaru, galura kuwa ta fi ƙyalli. Zaren roba da gam na kanti alama ce ta aikin baya-bayan nan. A al'ada ba a farke kambu don a ga abin da ke ciki, domin ana ganin yin haka yana karya shi. Danshin damina yana sa masa fumfuna, hunturu kuma yana busar da shi har ya tsage, shi ya sa ake shafa masa ɗan mai a ajiye shi inda iska ke shiga.

Makamantansa a wasu ƙasashe

A Turai ma manyan kamfanoni suna yin munduwar fata. Kamfanin Hermès, wanda Thierry Hermès ya kafa a birnin Faris na Faransa a 1837, da ɗinkin kayan doki ya fara. Shahararriyar munduwarsa mai suna Collier de Chien, faffaɗar fata mai ƙusoshin ƙarfe da zobe a tsakiya, an kwaikwayo ta ne daga abin wuyan kare, kuma ta fito a shekarun 1940. A shekarun 1970 matasan Landan masu bin kiɗan fank suka yayata baƙar munduwar fata mai tsinin ƙarfe. Mundayen manyan kamfanoni suna ɗauke da tambarin kamfani, wasu har da alamar shekarar da aka yi su, abin da ke sa tsofaffinsu tsada a kasuwar gwanjo. Kambu ba shi da wannan, don haka sunan badukun da ya ɗinka shi yakan ɓace da zarar ya bar hannunsa.

Halin da ake ciki a yau

Malamai sun daɗe da saɓani a kan rataya laya. Wasu sun halatta idan ayoyin Alƙur'ani ne kawai a ciki, wasu kuma sun hana gaba ɗaya. Wa'azin hani ya ƙara ƙarfi bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kuma masu ɗaura kambu a bainar jama'a sun ragu. Har yanzu ana ganin sa a filin dambe da taron mafarauta da kuma lokacin hawan salla a Zariya.

Ita ma sana'ar tana fuskantar ƙarancin fata mai kyau, saboda masana'antu suna saye don fitarwa waje, ga kuma kayan roba masu araha da suka cika kasuwa. Wasu dukawa sun koma ɗinka jakunkuna da tintimi da mundayen fata na ado don masu tsaraba.

Zariya cibiya ce ta binciken fata a Najeriya. A Samaru akwai cibiyar NILEST ta gwamnatin tarayya, wadda ta faro a 1964 a matsayin wurin horar da ma'aikatan ƙiraga da fatu, kuma tana koyar da jima da ɗinkin kayan fata na zamani. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara kayan sana'o'in Hausa, ciki har da na dukanci, aka baje kolinsu a Landan a 1976.

Duba kuma

Dukanci
Jima
Laya
Dambe
Masarautar Zazzau